Doña Herminda, Wadda Ta Je Godiyar Kyautar Guba

Da sanyin safiya, kafin masu ofis su fara tururuwa, za ka ji kukan tayar amalankenta tana gangarowa daga layin sama. Doña Herminda Cuchimaque ke nan, 'yar bola-jarin unguwarmu ta Chapinero. Sai ta jingine amalanke a jikin teburina na sayar da kofi ta ce, "Marleny, zubo mini baƙin kofi, kuma yau kar ki yi mini rowar mazarƙwaila." Ni kuma in ce mata wanda ya sha kofina kyauta ba ya da bakin ƙorafi. Ta shanye a tsaye, ta goge baki da gefen bargonta, ta zagaya bayan benen Alcaparros inda mai gadi, Don Evaristo, ya riga ya buɗe mata ƙofar shara.

A sana'arsu kowa da ƙofarsa, ba wanda ke taɓa ta wani. Ƙofar Alcaparros tata ce tun autanta yana goye. Da kwali da robar wannan bene ta ciyar da 'ya'ya huɗu, da su take biyan ɗakin da take kwana. To, an ƙwace mata ita, kuma abin da ya sa na ajiye fulas na ɗauki alƙalami ke nan. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba.

Lokacin da hukumar birni ta matsa wa manyan gine-gine su rage shan wuta da fitar da hayaƙi, kowa ya ce madalla, har da ni. Aka shiga cire dogayen ƙwayayen fitilar nan farare, ana sa sababbi marasa cin wuta. Abu mai kyau ne, wa zai musa? Amma ba wanda ya tsaya ya tambayi inda tsofaffin za su je.

Kun dai san halinmu a garin nan. Abin da bai mutu ba ba ma jefa shi a bola, kunya muke ji. Sai mu ajiye shi a bakin ƙofa, mu ce wa masu amalanke su ɗauka, mu koma ciki muna jin mun yi aikin lada. Tsohon takalmi, tukunya, kujera mai ƙafa uku, duk haka muke yi. To su ƙwayayen nan da ransu aka cire su, suna kamawa sarai. Don haka aka riƙa jera su a bakin ƙofofi, wasu har da ɗaure su da zare don kyautar ta yi kyan gani.

Masu amalanke suka kwasa da murna, suka kai rumfar da mata ke tsince kaya. Ba mai saye, domin kowa sabo yake so. Sai matan suka fara fasa su don cire ɗan ƙarfen da ke bakinsu. Farar ƙura ta cika rumfar, a cikinta suke wuni, a cikinta suke cin abinci. Nubia, ƙawar Doña Herminda tun ƙuruciya, ita ta fi kowa saurin hannu wajen fasawa. Ita ce kuma hannun nata ya fara rawa, dasashinta yana jini, tana manta sunan jikokinta. A asibiti aka ce mata zaiba ce, a cikin ƙwayayen take, kuma ta shaƙe ta ba kaɗan ba.

Tun daga ranar Doña Herminda ta ɗaura ɗamara. Duk inda ta ga dogon ƙwai a bakin ƙofa, ko ba ƙofarta ba ce, sai ta roƙi mai wurin ya bar mata. Ta naɗe kowanne da kwali, ta tura amalanke har can wurin da ake karɓarsu ba a fasa ba, tafiyar da ke cinye mata wuni, kuma ba a ba ta komai sai sannu. Abokan sana'a suna tsokanarta, "Doña, jarirai kika koma reno?" Ta ce, "I, jarirai ne, kuma duk wanda ya fasa mini ɗaya sai na fasa masa baki."

Ke ce uwar rumfa, Doña. Ke ce kika tsaya a ƙofarta da sanda kika ce ƙwai ɗaya ba zai sake shiga ba, alhali ba wanda ya naɗa ki.

Sai zance ya zo kan Alcaparros. Bene ne dogo, aka sauya fitilunsa gaba ɗaya, tsofaffin suka cika ɗakin shara har rufi. Manajan benen, Señor Otálora, ya sa aka kira ta. Don Evaristo yana tsaye, shi ya ba ni labari.

"Doña, yau kin tashi da sa'a," in ji manaja. "Duk wannan naki ne. Kyauta."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode, amma wannan ba kayan amalanke ba ne. Ko wata zan yi ina jigila ba zan gama ba, kuma za su farfashe mini a hanya. Akwai motar da ke zuwa ɗaukar irinsu, kira kawai za ka yi."

"Motar kyauta take zuwa? Ji mini mata! Ana yi miki alheri kina kafa sharaɗi. Mai kwashe kwali shi ke kwashe ƙwai. In kin gaji, akwai masu jiran ƙofar nan."

Alheri! Kun ji fa. Ka zuba wa mutum guba a amalanke, kuma ka tsaya jiran godiya.

Ta san in ta ƙi, kafin la'asar wani ya kwashe ya sauke a wata rumfar. Ta kuma san abin da zai same ta in ta buɗe baki. Ta zo teburina ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce, "Ƙawalli, ki yi shiru, ƙofar nan ce abincinki." Ta ce, "Marleny, jiya sai da na ba Nubia miya a baki."

Ranar da jami'an birni suka zo liƙa wa benen allon yabo na rage shan wuta, na ga komai da idona, don teburina yana kallon ƙofar gaba. Tun da safe Doña Herminda ta fito da ƙwayayen daga baya, runguma bayan runguma, ta jera su a tsaye jikin bango, dama da hagun ƙofar gilashi, ko ɗaya bai fashe ba. Ta saka rigar zuwa coci ta zauna a tsakiya. Baƙi suka iso, masu hoto suka ɗaga kyamara. Jami'ar da ke riƙe da allon ta tsaya ta ce, "Baba, waɗannan fa?"

"Kyautata ce, 'yar nan. Manaja ya ba ni, na zo godiya a gaban jama'a."

Wayyo, ku ga fuskar Otálora! Kafin azahar motar da ya ce tana da tsada ta zo ta kwashe komai. Washegari kuma ya ba Don Evaristo umarni kada ya sake buɗe mata ƙofa. Dattijon nan da hawaye ya faɗa mata.

Shi manaja ban damu da shi ba, halinsa ya yi. Ku mazauna benen, da ku nake. Kun yi taro, an kawo maganarta, kuka ɗaga hannu kuka ce ta kunyata ku a gaban baƙi. Ke Señora ta hawa na shida, wa ya mayar miki da zoben da kika zubar cikin shara? Kai likita, kai ma ka ɗaga hannu, kai da ka san abin da zaiba ke yi wa jiki? Allonku yana nan yana ƙyalli, fitilunku ba sa cin wuta, ita kuma ta tattara kayanta ta koma ɗakin 'yarta a can ƙarshen gari, don kuɗin haya ya gagare ta. Tir da wannan hali.

Doña Herminda, mu dai mun gode. Matan rumfa sun gode, 'ya'yan da suke goye da su ma za su gode in sun girma sun ji. Ku kuma masu karatu, in za ku sauya fitila ku sauya, amma ku bi tsohon ƙwan har inda zai kwana, kamar yadda ta yi. Kuma in kun ga an kori mutum don ya faɗi gaskiya, ku bar hannunku a aljihu.

Na tambaye ta ko tana da saƙo ga mutanen benen in rubuta. Na zaci zagi zan ji, har na gyara alƙalami. Sai ta ce, "Ki ce musu akwai sauran ƙwai guda biyu a bayan injin ruwa, hannuna bai kai ba. Kar su ba kowa."