Kaska a Kan Garwashi

Jiya jikata ta ciro kaska daga kunnen akuya ta yar. Na ce, "Ke, ɗauko ta! Gidan nan ba a sakin kaska da rai." Sai na tuna uwar mijina.

Ita a kan garwashi take ɗora kaska, ta tsuguna har ta fashe, ƙauri ya tashi, sannan ta ce, "Wagga ta ɗana ta." Zazzaɓi ya ɗauke mata yaro ɗan shekara huɗu. Sai wajen wankan gawa ta ga baƙin ɓawo a hammatarsa, inda kaska ta cije shi. Ba ta taɓa yafewa ba.

Daminar da aka sami mulkin kai, ɗana na fari ya kwanta a Dandin Mahe. Kwana biyar jiki kamar murhu, ƙuraje sun feso. Mata suka ce mayu ne. Tsohuwa ta tuɓe shi tana bin jikinsa da yatsa, har ta tsaya a bayan kunne. Ga ɓawon nan, baƙi ƙirin.

Ta ce, "Kaska, ke ce kuma? Kin ci guda, ba ki cin na biyu." Ta dubi mijina: "Ɗaura wa jaki akumari."

Malamin asibiti a Bodinga ya ba da ƙwayoyi. Kwana uku yaron ya nemi fura. Shi ne uban jikar nan tawa.

Jiya ni na ɗora kaskar, na faɗi abin da uwar mijina take faɗi. Allah ya sanyaya kabarinta, ya sada ta da ɗanta. Garwashi kuwa, Allah kada ya mutu a gidanmu.