Allon Mararrabar Hanyar Obi

Sana'ata rubutun allo ce, a wata 'yar rumfa da na gada daga mahaifina a cikin garin Lafiya. Allon makaranta, na coci, na Islamiyya, na mai maganin basir, duk ta hannuna suke bi. Lokacin zaɓe kuwa nakan zana alamar jam'iyya uku a wuni ɗaya da buroshi ɗaya, in wanke shi da kananzir a tsakani. Mutane suna ɗauka muna karanta abin da muke rubutawa. Ina! Haruffa muke ƙirgawa mu ga ko za su shiga faɗin allon.

Akwai wani tsoho ɗan Tibi, abokin mahaifina, mai noman doya a wani ɗan ƙauye a hanyar Obi. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Baba nake ce masa. Ko bayan rasuwar mahaifina bai fasa aiko mana da sabuwar doya a bayan babur ba.

Wata shekara ya zo da guntuwar takarda. Motocin ɗaukar doya suna wuce mararrabarsu, yana so a kafa allo da sunan ƙauyen. Sunan da harshensu yake, na kakansa da ya sare dajin. Na rubuta da fari a kan kore, na bi shi har can muka kafa, aka ba ni sakwara na ci har na kasa tashi.

Ban san ranar da magana ta sauya a gari ba. A teburin mai shayi, a rediyo, a saƙonnin da ake turo wa mutum ta waya, sai kalma biyu suka yi yawa: 'yan ƙasa da baƙi. Da can cewa muke yi mutanen hanyar Obi, ko masu doya. Rannan na tsinci kaina ina cewa "baƙin nan na hanyar Obi", alhali doyar Baba ce a cikina. Ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni, ni ma na ci gaba da kurɓar shayina.

Ana cikin haka wasu mutum uku suka zo rumfata, 'yan ƙungiyar ci gaban wani gari da ke maƙwabtaka da ƙauyen. Masu ladabi ne, ɗaya har da fayil a hammata. Babban allo suke so, da wani sabon suna, a ƙasansa kuma a sa "Ƙasar Kakanninmu". Na auna, na ja layi, na yi aikina. Sai ranar ɗauka na tambayi inda za a kafa, suka faɗa mini. Na san mararrabar sarai. Da na so in ce gabana ya faɗi, amma bai faɗi ba. Shawara ma na ba su, na ce su zurfafa ramin ƙafafun, ƙasar wurin tana da laushi da damina.

Ba wanda ya taɓa allon Baba. Yana nan a gefe, ƙarami, har ciyawa ta rufe shi. Amma kafin damina ta fita 'yan acaɓa sun koma kiran sabon sunan, don shi ake hangowa daga nesa. Daga bakinsu ya shiga bakin direbobi, daga nan ya hau takardun ƙungiyar. Sai aka ce duk mai noma a wurin ya kawo shaidar cewa ba aro aka ba shi ba. Baba ba shi da takarda, kakansa da gatari ya shiga dajin. Ina jin labarin guntu-guntu wajen masu kawo aiki, ana taro, ana ɗagawa, ana sake taro. Ko sau ɗaya ban hau babur na je ba. Ba tsoro ba ne ya hana ni, ba kuma ƙiyayya ba. Aiki ne dai ya yi yawa, ni kuma ba na jin komai.

Wata Talata da hantsi Baba ya iso rumfata, ba doya. Ya zauna a kan bencin da yake zama da mahaifina. Na durƙusa na gaishe shi.

"Na gani aikinka a hanya," ya ce da irin Hausarsa ta 'yan Tibi. "Hannunka kamar na babanka. Ya yi kyau."

Na duba fuskarsa ko gatse ne. Ba gatse ba ne. Na ce, "Baba, ban san can za su kai ba." Ni kaina na ji yadda maganar ta fito ba nauyi.

"Ba komai, ɗana. Mu za mu tashi wannan sati. Ƙetaren ruwa, wajen yarona."

Bai taɓa kwana a can ba, na sani. Ya ciro takarda daga aljihu, ya ce ɗan ƙaramin allo yake so, amma na ƙarfe, wanda gara ba za ta ci ba. Matarsa tana binne a bayan ɗaki, gindin mangwaro, kamar yadda suke yi. Wani ya rubuta masa da biro: "Kabari ne. Don Allah kada a yi noma a nan."

"Da Hausa, Baba? Ba da harshenku ba?"

"Wa zai karanta? Ka yi shi babba-babba. Mai tarakta ba ya sauka."

Na yanka ƙarfen, na shafa fenti, yana zaune yana kallo. Da na gama sai na ga saura fili a sama. Na ce ya faɗa mini sunanta in sa, wurin zai ɗauka.

Ya daɗe yana kallon filin, leɓensa na motsi.

"Bar shi haka," ya ce. "In sun gani suna, za su san namu ne, su cire."