Kwalin Bashir da majami'ar da babu ita

Shekara uku ke nan da muka binne Bashir a nan Alƙahira, kuma sai yau na iya ɗaukar biro a kansa. Da ya rasu, kowa a cikin ɗalibanmu ya yi rubutun ta'aziyya, ni kaɗai na yi shiru, aka ɗauka zafin rashi ne ya hana ni. Akwai zafin, amma gaskiyar ita ce ina ƙyashin mutumin nan yana da rai, ya mutu ban daina ba.

Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Madinat Nasr. Ni ina karatun Larabci, shi yana tarihin gine-gine. Wata rana ya shigo da hoton wani tsohon ƙyalle da aka saƙa a Masar, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru a wata majami'a a wani gari na Jamus, an naɗe ƙasusuwan waliyyansu da shi. Majami'ar kanta an rushe ta tun zamanin kakannin kakanni, an sayar da duwatsun, yanzu motoci ake ajiyewa a wurin. Ƙyallen ne ya tsira, da zanen majami'ar guda ɗaya da wani mai wucewa ya yi a takarda. A gefen ƙyallen akwai rubutun kufi, tsohon salon rubutun Larabci, da ya gagari Bashir. Kwana huɗu na yi ina fama da shi kafin na karanto addu'ar albarka da sunan garin da aka saƙa shi.

Daga ranar Bashir ya zama wani mutum. Ya koyi Jamusanci a tsaye cikin mota, ya manta da ranar girkinsa har muka gaji da mita. Ya hau saman benenmu inda muke shanya, ya zana harsashin majami'ar da alli, yana auna faɗinta da taku. Abokanmu masu karatun fiƙihu suka sa shi gaba da tsokana, wai me ya haɗa Bakano da cocin da ko masu ita sun manta da ita. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai kayanmu ne a ciki, dole ya san gidan da aka sauke su.

Da ya rubuta maƙalarsa ta farko, wata malamar tarihi Bajamushiya ta karanta, ta gayyace shi can. Na duba maƙalar tun daga sama har ƙasa, ban ga sunana ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na raka shi ofishin jakadancin Jamus a Zamalek neman biza ina murmushin yaƙe. Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa lura ba, kuma rashin lurar ya fi komai ƙona min rai.

Saura mako biyu ya tashi ciwon ciki ya kwantar da shi. A asibiti ya kama hannuna ya ce, "Kwalin nan na ƙarƙashin gado, ka aika wa matar nan. Ita kaɗai za ta san amfaninsa."

Na ce, "Khalas, an gama."

Daga ciwon nan bai tashi ba, ni kuma ban aika ba. Malamar ta rubuto sau uku tana tambaya, na amsa mata sau ɗaya cewa takardun sun ɓace wajen kwashe kaya. Kwalin ya bi ni gida biyu. A cikinsa akwai duk abin da ya tattara: yadda aka gina majami'ar a bakin kogi, gobarar da ta cinye rufinta, wanda ya sayi ƙararrawarta, da ma'aunin da ya fitar daga zanen nan guda. Ina sane da cewa in ya ruɓe a hannuna, aikin Bashir ya bi majami'ar. Wani lokaci ma hakan nake so, Allah ya yafe min.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Saman benen ya cika da farantan tauraron ɗan adam, babu wurin taku biyar. Masu tsokanarsa sun koma gida sun zama malamai, wasunsu har suna ba da labarinsa a aji kamar su suka ƙarfafa shi. Ina jin duk wannan dariya zai ba shi. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne amininsa ya zauna a kan amanarsa kamar kaza a kan ƙwai.

Bana mahaifiyarsa ta zo ganin likita, na kai ta kabarinsa. A hanyar dawowa ta tambaye ni ko karatun da yaron nan ya ƙarar da kansa a kai ya amfani wani. Washegari na kai kwalin gidan waya, tare da wasiƙar da na faɗi ƙaryar da na yi.

Malamar ba ta zarge ni ba. Ta ce ma'auninsa ya yi daidai da abin da suka tono a wurin da majami'ar take a da, kuma za a buga aikin da sunansa. An ce hassada ga mai rabo taki ce, na ga zahiri. A ƙarshen wasiƙar ta yi tambaya ɗaya, ta ce takardunsa ba su nuna wanda ya karanta rubutun ƙyallen ba, ko na san shi.

Na rubuta mata cewa ni ne. Za a sa sunana a ƙasan shafi, abin da na shekara huɗu ina ciwo a kansa. Na zata zan ji sanyi, ban ji komai ba. Rabon Bashir ya tabbata: majami'ar da bai taɓa gani ba ta samu tarihinta a hannun ɗan Kano, kuma ba ni da ikon hana wannan. Nawa kuwa, sai da amsar ta zo na gane ba daga Jamus nake jiran ta ba. Daga bakin Bashir nake so in ji cewa ni na karanta rubutun, ga shi mun zauna ɗaki ɗaya ban taɓa tambayarsa ba.

Allah ya jiƙan Bashir, ni kuma ya wanke min zuciya.