Gonar Gindin Dutse

Har in koma ga Allah ba zan manta da shekarar da na raba mahaifina da fadamarsa ba, kuma da bakina na yi.

Ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, lokacin da fari ya fara leƙo mu. Wata rana malaminmu ya ce ƙasar Kano ta taɓa aman wuta. Wai tun kafin a yi ɗan Adam wani ƙaton dutse ya fashe, ya yi ta zubo wuta da toka, daga baya ya rufta ya mutu. Ya ce ƙasar da irin wannan toka ta kwanta ba ta da na biyu wajen albarka. Daga nan ban ƙara jin komai ba, hankalina ya tafi kan dutsen bayan ƙauyenmu, kusa da Tofa.

A gindin dutsen nan Baffa, ƙanen Baba, yake da gona, kuma ya daɗe yana naci a yi masa musaya da fadamarmu. Na dawo hutu ina hura hanci.

"Baba, arziki ne kwance a wurin nan, ba ku sani ba."

"Ni dai tsakuwa na sani," in ji shi. "Amma kai ka yi karatu."

A gaban mai unguwa aka yi musayar. Baffa ko murmushinsa bai ɓoye ba.

Damina ta zo a tsaitsaye. Geronmu ya kai gwiwa ya ƙone, fartanya in ta sauka sai ta yi ƙara a kan dutse. Baffa kuwa yana ta ɗibar tumatir a fadama, mu muna cin tafasa.

Na koma wa malamin a fusace. Ya dube ni da mamaki.

"Wancan dutsen ai can kudu yake, wajen Riruwai. Ko a can ma ruwa ya wanke tokar tuntuni, saiwar dutsen ce kawai ta rage. Ai na faɗa a aji."

Ya faɗa ɗin, ni ne ban saurara ba.

Da rani Baba ya tafi birni, da furfurarsa, yana ga-ruwa. Har ya rasu bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Na koyi cewa wanda aka yarda da karatunsa ba shi da ikon kawo rabin magana gida, don wasu ne za su kwana da yunwa a kanta.