Baba Apollos da Jarkokin Asid na Limawa

Kowace safiya, kafin ya taɓa rediyon kowa, Baba Apollos sai ya buɗe tagar shagonsa da ke Limawa, ya durƙusa ya murɗa murfin jarkokinsa ɗaya bayan ɗaya. Asid ne a ciki, mai kalar shayi, wanda ke cinye jan ƙarfe idan zai haɗa allon lantarki da hannunsa. Ba ya zuba shi a gwangwani don zai huda, ba ya zuba shi a gorar lemo don a Jimeta duk abin da ke gorar lemo yaro na ɗauka na sha ne. Har tsokanarsa ake yi wai ya fi lallashin jarkoki a kan matarsa.

Shekarar da 'yan gudun hijirar Mubi suka cika gari ne muka san ko wane ne shi. Binciken jami'an tsaro ya tsananta saboda tsoron bam, wanda aka kama da kemikal kuwa sai dai Allah. Masu gyaran rediyo suka tsorata, kowa ya fara tuttular da nasa a kwata. Kwatar nan kuma ta gefen rijiyar Adda Munirat take bi, dattijuwar da ta cika gidanta da baƙi, kuma a rijiyar ne rabin layin ke ɗiban ruwa.

Baba ya bi shago shago yana roƙo a ba shi maimakon a zubar. Ya loda a keken hayar wani mai suna Hamajoɗa da rana tsaka, zai kai bayan gari ya kashe ƙarfin asid ɗin da farar ƙasa. Hamajoɗa ya ce lokacin da soja ya tare su a shinge ya buɗe jarka, shi kam har ya fara kalmar shahada. Aka sa su durƙusa, bindiga a kansu.

"Ranka ya daɗe, guba ce," in ji Baba. "In na bar ta a gari, yara za su sha ta a rijiya."

Ya roƙa a bar shi ya nuna. Ya tsoma guntun allo a ciki, suna durƙushe a rana har jan ƙarfen ya narke, zanen ya fito. Sojan ya daɗe yana juya allon, sannan ya ce su tashi su tafi.

Kai ne, Baba, mai yatsu kamar an sa lalle, ka ɗauki abin da kowa ke gudu. Yau ido ya yi rauni, za ka rufe shago, wallahi muna jin zafin haka. Mun gode. Ku kuma matasan da ke haɗa allo a ɗaki, ku nemi jarkar roba mai murfi, ku rubuta mata suna, ku ƙyale kwata.

Shayin da za a dafa ranar sallamarka, Adda Munirat ta ce daga rijiyarta za a ɗebo ruwan.