Wuƙar Sallama

Da na dawo Jidda daga karatu a Beljiyam, abin da na fara nema shi ne tsiren Abdelkader. Na same shi inda na bar shi, a wani ɗan shago a unguwar Khumra, tsakanin ɗakunan ajiyar kaya. Tsiren bai canza ba. Idanunsa ne suka canza: sun yi jajir, suna zubar da ruwa ko ba ya gaban wuta.

Mutumin Damagaram ne, ɗan mahauta jikan mahauta. Ya zo Jidda da ƙuruciyarsa, yanzu furfura ta cinye gemun. Direbobin tirela har layi suke yi saboda yajinsa. Sai dai shagon ba taga, hayaƙi ba shi da mafita. Likita ya faɗa masa ƙarara: ko ya rabu da wurin, ko ya rasa ganinsa.

Wurin zuwa kuwa akwai. Muath, wani mai gidan abinci a unguwar Ruwais, ya daɗe yana nemansa, kuma murhunsa a fili yake, iskar teku na kwashe hayaƙin. Saura Saleh, mai shagon, kafilinsa, wato wanda izinin zamansa da aikinsa a ƙasar ke ƙarƙashin sunansa. Duk lokacin da Abdelkader ya nemi ya sallame shi, sai Saleh ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Gobe in Allah ya so, ya Abdu." Goben ba ta taɓa wayewa ba.

A can inda na yi karatu na ga magini ɗan Fotugal ya bar aiki ya kama wani ba tare da neman izinin kowa ba. Na ɗauka nan babu ko kusa da haka, sai da na ji Hadjara, 'yar ƙanwar Abdelkader haifaffiyar Jidda, tana yi masa bayani.

"Kawu, wallahi nizam ya canza, doka ba kamar da ba ce. Ka daɗe da cika sharaɗi. Muath zai nemi a mayar da kai wurinsa ta waya, kai ka amsa, ka yi kwanakin sanarwa, halas. Ba sai Saleh ya yarda ba."

"Waya ce za ta sa mini albarka?"

"Albarkar za ta ɗiga maka magani a ido?"

"Ke 'yar shinkafa, haihuwar nan, ba ki san komai ba. A gidanmu yaron mahauci ba ya tashi sai maigida ya miƙa masa wuƙa da hannunsa. Wanda ya tafi ba wuƙa, gudu ya yi."

"To zauna, Kawu. In ka makance ni zan riƙa nuna maka inda naman yake."

Ya ci gaba da jera tsirensa. Amma ranar da ya yanka ɗan yatsansa saboda bai ga bakin wuƙa ba, shi da kansa ya miƙa wa Hadjara wayarsa, ta amsa buƙatar Muath. Saleh ya yi fushi, ya daina amsa gaisuwarsa. Abdelkader bai fasa gaishe shi ba, bai kuma rage ko tsinke ɗaya ba har kwanakin suka cika.

A ranar ƙarshe ya shiga kasuwar Balad ya sayo sabuwar wuƙa. Bayan la'asar, shago cike da direbobi, ya ɗora ta a tafin Saleh.

"Mene ne wannan?"

"Doka ta riga ta sallame ni, maigida. Saura kai. Miƙo mini."

Saleh ya dubi wuƙar, ya dubi direbobin da suka daina tauna suna kallonsa. Daga nan ya dubi idanun Abdelkader, kamar ranar ya fara ganinsu. Ya juya wuƙar, ya miƙa ta ɓangaren ƙota.

"Yalla, jeka. Allah ya ba ka sa'a, mai taurin kai."

Shagon ya kaure da kabbara. Wani direba ɗan Cadi ya buga teburi har yaji ya tashi, kowa ya hau atishawa.

Yanzu a Ruwais yake. Jan idon ya washe, direbobin kuma sun biyo shi. Da na je makon jiya, tun daga bakin titi ya hango ni ya kira sunana, sabuwar wuƙar na walƙiya a hannunsa.