Daddawar Inna a Injin Wankin Kwanuka

Gidan da asibiti suka ba maigidana a Riyad ya zo da injin wankin kwanuka. Ko cokali ban taɓa wankewa a ciki ba; zuciyata ba ta natsuwa da kwanon da ban ɗauraye da hannuna ba. Amma ƙofarsa na rufuwa gam, wari ba ya fita, sai na mai da shi ma'ajiyar kuka da busasshen kifi, kada maƙwabta su yi ƙorafi. A can sama, cikin samira, akwai daddawar da Inna ta yi mini kafin ta rasu. Ɗan ƙiris nake gutsura. Ko maigidan bai san da ita ba, don shi komai ya gani sai ya raba wa abokai.

Ƙofar ce ta fara kuka. Ina buɗewa sai ƙiiii, har jaririyata ta firgita ta farka. Maigidan ya ɗauko wani Bakano mai gyara daga unguwar Utaiƙa. Na kwashe ledojin, na bar samirar tunda a rufe take, na shige ɗaki kamar yadda nake yi idan baƙon namiji ya shigo.

Ina jiyo su. Mutumin ya jawo injin, ya ce sifirin ɗin gefe ne suka bushe, giris kawai suke so. Har yana tsokanar maigidan wai likita guda ya kasa maganin ƙofa. Suka yi dariya, ƙarar ta ɗauke.

Sai na ji ruwa yana zuba. Ashe ya ga famfon injin a kulle, ya buɗe ya kunna, wai kyauta ce ga Hajiya.

Ban san lokacin da na fito ba, hijabi a karkace. Na buɗe injin, tururi mai ƙamshin tsakar gidanmu ya cika kicin. Murfin samirar ya faɗi, ruwan zafi ya narkar da komai. Na tsaya ina salati.

"Maman yara, lafiya?" in ji maigidan.

"Ta Inna ce."

Mai gyaran ya sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri, har ni na koma ina lallashinsa.

A gindin samirar na samu ɗan dunƙule da ya maƙale, ga shi babu sabulu a injin. Na shanya shi a taga, ranar Riyad ta busar. Na yi miyar kuka da shi, muka ci, muka yi wa Inna addu'a.